Shekarar da Muka Yaye Rufin Makaranta

Azumin bana ya zagayo ya tsaya daidai inda na taɓa barinsa. Wanda ya daɗe a duniya ya san halin watan nan: yana tafe yana ja da baya, ya ratsa sanyi, ya ratsa damina, sai wata rana ka ɗaga kai ka gan shi zaune a tsakiyar bazara kamar bai taɓa motsawa ba. Jiya da azahar ina kwance a barandar gidan ɗana a unguwar Wulari, na jiƙa zane na lulluɓa, kafin in juya ya bushe. Siminti yana gasa haƙarƙari. Darbejiyar ƙofar gida ko ganye ɗaya ba ya motsi. Ana cikin haka sai ga motar 'yan siyasa da lasifika, tana cewa duk makarantar da jama'a suka gina da hannunsu, in aka zaɓi mutuminsu ciyaman, ƙaramar hukuma za ta ɗauki nauyinta, ta biya malamai, ta buga rufi.

'Yata Binta tana gefe tana jiƙa tsamiya. Abinci take sayarwa a Kasuwar Shanu, da azumi kuwa ba ciniki da rana, sai ta zo ta wuni wurina. Ta ɗago ta dube ni, na dube ta. Maganar nan mun taɓa jin ta, cikin irin wannan zafin, da baki a bushe.

A wancan lokacin muna zaune a wata 'yar unguwa can bayan Dusuman, inda gari ya ƙare gonaki suka fara. Ni 'yar Kano ce, aure ne ya kawo ni Barno. Mijina Malam, Allah ya jiƙansa, dillali ne a Kasuwar Shanu, amma gona ce take ciyar da mu. Maƙwabtanmu yawanci Barebari ne, da Shuwa kaɗan. Wadda ta riƙe ni kamar ƙanwarta ita ce Ya Falmata, doguwa ce, ba ta da yawan magana, in kuwa ta yi sai a saurara.

Makarantar gwamnati tana da nisa, kuma fadama ce tsakaninmu da ita. Da ruwa ya sauka hanya ta yanke. Shi ya sa mu mata muka haɗa kai muka tayar da ɗaki ɗaya na ƙasa, muka rufa shi da ciyawa, muka samo Malama Saratu daga wajen Biu tana koya wa yara. Gero muke ba ta, kowane gida abin da ya sawwaƙa. Ni ban taɓa riƙe fensir ba, Ya Falmata ma haka, amma ɗakin nan namu ne. Mu muke share shi, mu muke yaɓe shi, in Malama ta makara mu muke zuwa mu ji dalili.

Binta ba ita ce ta fari ba, shi ya sa nake iya kiran sunanta. Tun tana ƙarama kanta yake ja. In ta tsinci takardar da aka ƙunsa ƙosai sai ta karanta ta kafin ta yar. Burinta ta zama malamar asibiti, ta sa farin kaya. Malama ta ce shekarar nan ya kamata ta zauna jarrabawar shiga sakandare, amma da sharaɗi. Ba a karɓar yaro sai daga makarantar da ƙaramar hukuma ta san da ita, ita kuwa hukuma ba ta sanin makarantar da ke ƙarƙashin ciyawa. Sai an buga kwano. In an buga, za su riƙa biyan malama, mu kuma mu ci gaba da riƙon makarantarmu yadda muka saba. Ke nan tsakanin Binta da farin kayan nan, rufi ne kawai.

Bayan girbi aka ce za a yi zaɓen ciyaman. Mutum biyu ne suke nema. Ɗaya wani Alhaji ne mai shanu, mahaifiyarsa 'yar unguwarmu ce. Ɗayan matashi ne, siriri, mai sanyin murya, wanda ya taɓa aikin ofis. Shi matashin nan har cikin gidajenmu ya shigo. Ya zauna a tabarma, ya sha fura da ludayinmu, ya tambayi sunan kowace mace ya riƙe. Ya je ya duba makaranta, ya taɓa ciyawar rufin, ya girgiza kai, ya ce in Allah ya ba shi, wannan ne aikinsa na farko. Wallahi mu mata shi muke so. Har waƙa 'yan mata suka yi masa a wurin daka.

To, zaɓen lokacin ba irin na yanzu ba ne da ake shiga lungu a dangwala. Ƙato bayan ƙato ake yi. A kafa hoton mutum, ka je ka tsaya a bayansa da rana tsaka, kowa yana kallonka, a ƙirga kawuna.

Mu kuma muna da wata al'ada a unguwar. In biki biyu suka haɗu rana ɗaya a garuruwa biyu, ko bikin suna da jana'iza, ba ma barin kowa da kunya. Sai a raba gida: maza su tafi can, mata su tafi can, kowa ya ga ƙafarmu a ƙofarsa. Da haka muka zauna lafiya da kowa shekara da shekaru. Da zaɓe ya matso, Bulama, mai unguwarmu, ya tara dattawa, suka ce wannan ma biki biyu ne. Ba zai yiwu a bar layin Alhaji fayau ba alhali kabarin uwarsa yana bayan gidajenmu. Aka yanke cewa maza su tsaya wa matashin, tunda an ga alamar shi zai ci, kuma maza ne masu zuwa sakatariya. Mata su tsaya wa Alhaji.

Ya Falmata ta aika wa Bulama cewa ɗan siyasa ba mai biki ba ne, ba ya ƙirga ƙafar da ta je wani gida a matsayin gaisuwa. Aka ce mata an ji. Shi ke nan.

Ranar zaɓe aka kafa hotuna a jikin bishiyoyi biyu. Muka jeru a bayan Alhaji da goyo da mayafi, mazajenmu suna can ɗaya gefen. Sai ga motar matashin. Ya sauka, bai nufi layinsa ba, namu ya nufo. Ya bi mu a hankali tun daga gaba har baya, hannunsa a bayansa, yana murmushi, yana gaida kowace da sunanta. Da ya zo kan Ya Falmata ya ɗan rusuna ya ce mata wushe, irin gaisuwarsu. Da ya zo kaina ya tambaye ni ya Binta, ya karatu. Na ce lafiya lau. Har na ji daɗi a raina, na ce mutumin nan ya fahimci al'adarmu.

Shi ya ci.

Ana saura kaɗan a kama azumi ya kawo mana ziyara a matsayin ciyaman. Muka yanka awaki, muka buɗe rumbuna, aka yi tuwo kamar na biki. Ya ci ya yaba. Ya ce ɗaki ɗaya ya yi kaɗan, mu ƙara wani babba a jikinsa, mu ɗaga bango, shi kuma kwano da katako da ƙusa suna wuyansa, kafin Salla za su iso. Muka yi guɗa har muryoyinmu suka dushe.

Ranar da aka ga wata muka fara.

Ga yadda wunin yake. A ci sahur da ɗan abin da ya samu, a yi asuba, kafin gari ya gama wayewa muna bakin rijiya. Rijiyar ta ja ƙasa a shekarar, sai ka ƙara igiya a kan igiya, guga ya fito rabi ruwa rabi laka. Mu cika tuluna mu ɗora a kan gammo mu nufi ramin da ake haƙar ƙasa. Ƙasar wajen baƙa ce mai danƙo, in ta bushe ta fi dutse, in ta jiƙe ta kama ƙafa kamar mai bin bashin rai. Ita kaɗai ba ta yin tubali, tsagewa take, sai an haɗa mata yashi da ciyawa. Ciyawa kuwa babu a bazara. Sai muka zuba ƙaiƙayi, da ya ƙare muka shiga harawar da muka ajiye wa awaki. Mu tattake da ƙafa, mu dunƙula, mu jera a rana. Kwanakin farko maza sun taya mu, daga baya wannan ya ce kasuwa, wancan ya ce ciwon baya, aka bar mu da magini ɗaya da muke ciyarwa.

Ban taɓa sanin wuyar azumi ba sai a wannan watan. Ba yunwar ba ce. Ruwan ne. Kana ɗauke da tulu a ka tun safe, yana zuba, yana bin goshi, yana bin gefen hanci, ya zo ya tsaya a leɓe, sanyi ƙalau, kai kuma ka tofar. Harshe ya zama kamar ɓawon itace. Ya Falmata ɗaure bakinta take da gefen mayafi don kada Shaiɗan ya samu ƙofa. Da hantsi ƙasa ta fara cin tafin ƙafa, da azahar sai ka ga bishiyoyin nesa suna rawa kamar suna cikin ruwa. Wata Hajja Bintu ta faɗi da tulu a ka, muka ja ta inuwa muna yi mata fifita, da ta farfaɗo abin da ta fara tambaya shi ne ko tulun ya fashe.

In aka kira magariba, ruwan da ya rage a gida shi ne wanda tubali ya bari. Mu bar shi ya kwanta, mu tsiyaye na sama, mu dama kunun tsamiya tsararo. Yara su sha, maigida ya sha, sannan mu. Hannu duk ya tsattsage, in tsamiya ta taɓa sai ka ji har cikin kai.

Binta ba ta kai a tilasta mata azumi ba, amma ta ce sai ta yi. Ta tashi daga aji ta zo ta ɗauki ƙaramin tulu. Tana tafe tana haddar turancinta a ƙarƙashin ruwa. Duk tubalin da ta dunƙula sai ta dangwala masa yatsa a gefe, wai don ta gane nata in an gama.

A goman ƙarshe bango ya tashi, ya fi tsayin namiji. Sai ga ɗan aike daga sakatariya a kan babur, ya ce Ciyaman ya ce a yaye ciyawar tsohon ɗakin, kafinta yana zuwa ya auna, kwano a layi ɗaya za a buga shi.

Kowa a unguwar ya san ba a buɗe kan ginin ƙasa in bazara ta tsufa. Yaron goye ma ya sani. Ba ka yaye tsohon rufi sai sabon yana ajiye a gindin bango kana ganinsa da idonka. Amma babba ya aiko. In muka bar ciyawar, kamar mun ce masa maƙaryaci ne, mu kuwa da muka riga muka tsaya a wancan layin ba mu da bakin ƙara wani laifi. Muka hau muka yaye. Ya Falmata ta sa aka ɗaure ciyawar dami-dami aka jingine a bayan ɗaki, ta ce ko da wani abu.

Ba wanda ya sace ta. Awaki ne da muka cinye musu harawa suka fara ja. Sannan ga girkin Salla, ga itace ya yi wuya, wannan ta zari ɗan tafi ɗaya ta hura wuta, waccan ma haka. Kafin a sauko daga idi, igiyoyin kawai suka rage a ƙasa. Sabuwar ciyawa kuwa sai bayan damina.

Salla ta wuce, ba kafinta. Yara suna karatu a cikin ɗaki marar kai, suna bin inuwar bango, da safe suna gabas, da yamma suna yamma, da tsakar rana Malama ta sallame su. Zafi ya ƙaru, irin mai nauyin nan da ke gaya maka ruwa yana hanya. Sai wata safiya muka ga shamuwa a kan tsamiya.

Muka shirya mu kaɗan, muka hau a-kori-kura zuwa sakatariya. Na tafi da Binta, na wanke mata kayan makaranta na goge da dutsen guga, don in ya ji karatunta zuciyarsa ta yi laushi. Ranar farko aka ce yana taro. Muka koma, aka ce ya tafi gaisuwa. Muka yi ta zuwa muna zama a gindin katanga har masu gadi suka san mu, suna ce mana 'yan kwano sun iso. Ranar da aka shigar da mu, ɗakin sanyi kamar randa, fanka tana juyawa a sama. Ya sa aka kawo mana ruwan ƙanƙara a kofunan gilashi. Muka durƙusa a kan darduma.

Ya Falmata ta ce, "Ranka ya daɗe, shamuwa ta sauka. Gininmu yana tsaye tsirara."

Ya juya kofinsa a hannu. Sannan ya ce, da wannan sanyin muryar tasa, "Ya Falmata, ranar nan na tausaya muku. Ga rana, ga goyo, kun daɗe a tsaye. Wanda kuka sha wa wannan wahala yana nan Kasuwar Shanu, ba nisa. Ku je ya rufa muku."

Ta yi masa bayanin al'adarmu tun daga farko, yadda ake raba gida, yadda Bulama ya yanke, yadda zuciyarmu take wurinsa ko da ƙafarmu tana can. Ya saurara har ta gama, bai katse ta ba. Ya ce al'ada ce mai kyau, shi ma zai bi ta. Tunda an raba masa unguwa, shi ma rabawa zai yi. Waɗanda suka tsaya masa za su ga alheri.

Sai na tura Binta gaba. Na ce ranka ya daɗe, ko don yarinyar nan, ita ba ta tsaya a layin kowa ba. Ya miƙa mata jaridar da ke kan teburinsa ya ce ta karanta. Ta miƙe tsaye, ta haɗa ƙafafu, ta karanta da turanci. Ni ban san me take cewa ba, amma na ga akawunsa ya daina rubutu yana kallonta. Da ta gama Ciyaman ya tafa hannu a hankali.

Ya ce, "Madalla. Kai mai kyau. 'Yata, in kun koma gida, ki tambayi babarki a bayan wa ta tsaya."

A mota Binta ba ta tambaye ni ba. Har yau ba ta tambaye ni ba.

Mun je wurin Alhaji kuwa, don wanda ruwa ke bi ba ya zaɓen ƙofa. Muka same shi a cikin shanunsa, ya rame, zaɓe ya cinye masa rabin garke. Ko zama bai ce mu yi ba. Ya ce mu ne muka mayar da shi abin dariya, har yau 'yan kasuwa ciyaman ɗin mata suke kiransa, da an bar masa layin fayau da ya fi masa mutunci. Ya ba mu goro ya juya baya.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, sai muka ji ƙugin babbar mota. Yara suka fita da gudu suna ihu kwano ya zo, kwano ya zo. Ga shi kuwa a bayan mota, sabo fil, yana walƙiya har ba a iya kallonsa, ga katako, ga kafintoci a zaune a kai. Na ce Allah ya taɓa zuciyarsa. Ya Falmata ta fito ba takalmi. Binta tana gaban mota tana nuna wa direba hanya da hannu.

Motar ta wuce makaranta. Ta tsallaka hanya ta tsaya a gindin tsamiya, inda maza suke zaman hira. A nan aka sauke. Cikin 'yan kwanaki aka tayar da rumfa doguwa mai faɗi, aka zuba benci, aka rataye hoton Ciyaman a ciki. Wai ofishin jam'iyya, kyauta ga mazan unguwa. Tana kallon makarantarmu, makarantarmu tana kallonta, hanya ce kawai a tsakani. Daga baya Malama ta jiyo cewa kason da aka ware da sunan unguwarmu, na albashi da littattafai, an mayar da shi wata makaranta a cikin gari wadda surukin Ciyaman yake riƙe da ita.

Muka je wurin Bulama muka ce a cire kwanon a mayar inda ya dace, ko da rabi. Ya ce kyautar hukuma ba a mayar da ita, ba a kuma canza mata wuri, ko muna so a zo a kama shi ne. Na sami Malam yana cin tuwo, na durƙusa na yi masa magana, abin da ban saba ba. Ya ce, "Me kike so in yi? In hau in ɓamɓare?" Na ce e. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya wanke hannu ya fita. Da na leƙa, yana can a kan benci.

Muka tattaro abin da muke da shi. Tsofaffin tabarmi, buhuna, zanan bayan gida, har da zannuwan da suka mutu. Muka shimfiɗa a kan bango muka danne da duwatsu.

Ruwan farko da yamma ya zo. Gabas ta yi baƙi, iska ta taso ta kwashe tabarmin nan kamar ganye, muka bi su da gudu. Sannan ya sauko, manya-manyan ɗigo masu zafin duka, ƙamshin ƙasa ya tashi, ƙamshin da duk shekara nake jira, ranar nan ban yi murna da shi ba. Maza suka baro gonaki a guje suka shige rumfa. Mu kuma muka hau kan turame da duwatsu, muka riƙe tabarma a kan bango da hannu, ruwa yana shiga hannun riga yana fita ta ƙafa. Ban taɓa jin ƙarar ruwa a kan kwano kusa haka ba sai ranar. Kamar ana kaɗa ganguna. A ƙarƙashin gangunan nan mazajenmu suna zaune a bushe, sun jeru a benci suna kallonmu. Wani ya yi magana, aka yi dariya, ƙarar ruwa ta hana mu jin abin da ya ce.

Ƙasa ta fara narkewa a ƙarƙashin tafin hannuna. Ina jin ta tana laushi, tana bin yatsuna. Allon da Malama ta yi a jikin bango, wanda muka baƙanta da cikin tsohon batir, ya zubo baƙi-baƙi har ƙasa, da rubutun safiyar ranar a jikinsa. Can Malam ya fito ya tsaya a bakin rumfa, inda ruwa ba ya kai wa, ya ɗaga murya ya ce mu shigo daga ruwa, akwai wuri. Wasu suka shiga, ban ga laifinsu ba, da jarirai a bayansu. Ya Falmata ba ta shiga ba. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa taka inuwar rumfar nan ba, in hanya ta biyo da ita sai ta kewaye ta cikin rana.

Bangon bai faɗi ranar ba. Da ya faɗi gaba ɗaya da ya fi sauƙi. A hankali ya yi ta zama, kowane ruwa ya ɗebi rabonsa, yau kusurwa ta zube, gobe taga ta haɗe da ƙofa. Kullum da safe Binta sai ta je ta tsaya. Malama ta gwada koyarwa a gindin bishiya, ruwa ya kore su, geron da muke ba ta kuma ya ƙare. Tana da nata 'ya'yan. Aka ba ta aiki a waccan makarantar ta surukin Ciyaman, ta zo ta yi mana sallama tana kuka, ta tafi. Ranar jarrabawa ta zo ta wuce, mu ba mu ma san ranar ba sai daga baya.

Sannan yunwa ta shigo. Rumbunan da muka buɗe wa Ciyaman da magini ba su kai mu ko'ina ba. Awakin da muka hana harawa, wasu suka mutu, sauran ba mai saye. Bayan shuka ruwa ya ɗauke, iri ya ƙone, aka sake shukawa da na ci. Kafin gero ya fitar da kai muna cin tafasa da rama, muna dama dusa mu ce kunu. Yara suka daina wasa, sai su zauna a jikin bango suna kallon tukunya.

Inda makaranta take ya zama tudu baƙi. Ƙasa ce da ta sha ƙaiƙayi da harawa da ruwan rijiya na wata guda, ba taki a duniya kamarta. Bulama ya aiko cewa tunda ƙasarmu ce, mu shuka wani abu. Ya Falmata ta ce ba za ta bar guminta ga ciyawa ba, ta kawo irin kuɓewa. Ban taɓa ganin kuɓewa irin wannan ba, kafin nan ko bayan nan. Ta fi ni tsayi. Ka tsinka da safe, da yamma ta sake fitowa. Ita ta riƙe unguwar har girbi. Maza suna zaune a rumfa suna cewa ai ga shi makarantar ta yi amfani.

Ranar da na fara miya da ita, Binta ta janye hannunta daga kwano. Ta ɗebi ɗan tuwon dusa tana ci gaya. Na ce ta ci, babu wani abin. Ta girgiza kai. Malam ya ji, ya ce a gidansa ba a raina abinci, ya zo ya tsaya a kanta. Ta ɗiba ta kai baki, yauƙin yana bin hannunta, ta haɗiye, ta sake ɗiba, idonta a kan ubanta, ba hawaye. Da ta gama ta zagaya bayan ɗaki ta amayar. Washegari ta ɗauki jakar littattafanta ta ba Hajja Bintu ta riƙa ƙunsa ƙuli-ƙuli. Da kaka ta fara bin ni kasuwa da tallan abinci, kasuwar da take ciki har yau.

Unguwar ma yanzu ba mu a cikinta. Da tashin hankali ya zo muka baro, aka ce kwanon rumfar wasu sun kwashe. Malam ya rasu, Bulama ya rasu. Ciyaman kuwa an ce yana nan da ransa, ya yi furfura, duk azumi yana raba shinkafa a ƙofar gidansa ana sa masa albarka.

Jiya da aka kusa shan ruwa motar nan ta sake biyowa ta layinmu. Na ga Binta tana bin rubutun jikinta da ido, leɓenta yana motsi, har ta sha kwana. Aka kira salla, muka sha tsamiya, muka yi magariba. Matar jikana, amarya ce, ba ta daɗe da zuwa gidan ba, ta kawo tuwon shinkafa da miyar kuɓewa ɗanya, ta sha man shanu, tana ƙamshi. Binta ta gutsuri tuwo daga gefen da miya ba ta taɓa ba.

Yarinyar ta damu, ta ce, "Gwaggo, miyar ba ta yi ba ne?"

Binta ta ce, "Ta yi, 'yata. Na ƙoshi da ita tun ina yarinya."

Ni kuwa na jawo kwanon gabana. Na ci a waccan shekarar, na ci jiya. Yunwa ba ta taɓa barina na yi zuciya ba.